Ranar Da Muka Tarar Teku Ba Ya Gida

Akwai wata gaisuwa da aka daina yi mini a bana, kuma ba wanda ya lura sai ni, domin dama ba a gaban mutane ake yin ta ba. Wayata tana nan tana ƙara kamar kullum. Jikoki su kira, matan unguwarmu ta Small Heath a nan Birmingham su kira a yi zancen biki ko na rasuwa, kowa ya ce, "Maman Safiya, ina kwana?" in ce lafiya lau. Amma wadda takan fara da tambayar, "Ke kaɗai ce?" ta riga mu gidan gaskiya. A ƙarshen sanyin nan aka binne ta a Salford, kusa da Manchester. Tun daga ranar nake yawan zama bakin taga, idona a kan jerin gidajen jan bulo da motocin bas masu shiga gari, hankalina kuwa yana can kan wani rairayi da na taka ina da ƙuruciya.

Ban daɗe da aure ba maigida ya sami gurbin karatu a Manchester. Ya yi gaba, daga baya aka sa ni a jirgi na bi shi, da ƙullin kuka da daddawa a akwati. A wani flat, ɗan sashen haya, muka zauna a saman bene, bayan Oxford Road. Har yau in na rufe ido ina jin sautin wurin: nishin motocin bas tun da asuba, kwalaben madara suna karo da juna a bakin ƙofa, da yayyafin nan da ba ya tsayawa kuma ba ya zama ruwan kirki. Wanki ba ya bushewa sai an shanya shi kusa da hita mai ɗumama ɗaki, ɗaki ya cika da tururi da ƙanshin sabulu. Tuwonmu na garin semolina ne, miyar kuka kuwa sai ranar Juma'a, don kada ƙullin ya ƙare da wuri. Mu 'yan kaɗan ne a lokacin. In ka ji an yi Hausa a cikin bas, ba ka sauka sai ka san garin mutum da unguwarsu da ƙofar da yake kwana. Duk wanda ya iso daga gida, kayan miyarsa na kowa ne, a ƙuƙƙulla a bi gida-gida da su. Yanzu kuka da yaji da kilishi suna nan jibge a shagunan unguwarmu. Kwanakin baya da na je Manchester na bi ta Oxford Road, na ji Hausa tana tashi ta kowace kusurwa, yara ne masu ilimi, kowa da abin toshe kunne, suna wuce juna ba ko sallama. Ban ga laifinsu ba, yawa ne ya kawo haka, amma dai raina bai so ba.

A cikin 'yan kaɗan ɗin nan akwai wata mata da kowa yake kira Maman Salford. Kirista ce daga wajen Filato, nas ce a wani asibiti, kuma ta riga mu zuwa ƙasar nan da daɗewa. Gajeriya ce mai jiki, muryarta takan riga ta shiga gida. Ta yi aiki a ƙasar Zazzau tun tana budurwa, don haka ta san Hausawa ciki da bai. Ba ta tambayar ko kana so. In ta ga ɗalibi ya rame, sai dai ya tarar da kwano a ƙofarsa, in ya mai da kwanon da saura kuma ya sha faɗa. Tana da tukunya guda da ba ta dafa komai a ciki sai naman da ta saya wajen mahauci Musulmi, saboda mu. Na ga maza masu gemu suna gyara tsayuwa in sun ji takunta a matakala.

Cikin sanyin shekarata ta farko na haihu, kafin lokaci. Namiji ne. Aka sa shi a akwatin gilashi da wayoyi a jikinsa, ina leƙensa daga waje. Ma'aikatan asibiti suka tambayi sunansa don su rubuta, maigida ya ce mu sai ranar suna muke faɗa, sai suka rubuta jariri namiji kawai. Amma ya roƙa aka buɗe masa akwatin, ya sunkuya ya yi wa yaron huɗuba a kunne, sannan ya dawo bakin gadona ya raɗa mini sunan da ya sa masa. Yaron bai kai ranar suna ba. Maigida da abokansa suka kai shi makwancinsa ina kwance a asibiti. Ba a kafa dutse ba, ba a yanka rago ba, ba a tara jama'a an faɗa musu komai ba. Sunan ya tsaya tsakaninmu mu biyu.

Yaran yanzu da wuya su gane abin da zan faɗa. A gidan da na tashi, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ba ita ce mai rugawa ba, in ya kwanta ciwo ba a ganin damuwa a fuskarta. Kunya ce, kuma da ita ake auna tarbiyyar mace. Kakata takan ce ɗan fari na dangi ne, uwa riƙo kawai take yi. A gida abin yana da ma'ana, domin ba a barin ki ke kaɗai da shi. Haihuwar fari a gidan iyaye ake yin ta. Gwaggo ta goya, inna ta yi masa rawa, kaka ta kira sunan daga safe har yamma, ke kina ɗaki kina ji, kina jin daɗinki a ɓoye. In kuwa Allah ya karɓi abinsa, su ne masu kuka a tsakar gida, kukansu ya sauke miki naki. To ni na zo ƙasar nan da kunyar, amma ban zo da gwaggo da inna ba.

Da aka sallame ni, jama'a suka yi ta zuwa gaisuwa, a tsaitsaye, don ɗakin ƙarami ne kuma kowa da lacca a gabansa. "Ya haƙuri?" In ce da godiya. "Allah ya sa mai ceto ne, Allah ya kawo rayayye." In ce amin. Wata ta ce in ruwa ya zube ya bar tulu ai ya yi kyau. Gaskiya ta faɗa, sai dai ba wanda ya leƙa cikin tulun. Na dafa musu shayi, na yi murmushi, suka fita suna yaba haƙurina, wai 'yar gidan mutunci ce. Sanyi ya wuce, itatuwa suka yi ganye, ni kuwa ina ta ƙanjamewa. Abinci ya ƙi shiga. In na buɗe baki zan yi magana, sunan ne yake fara zuwa, sai in haɗiye shi tare da maganar. GP, likitan unguwa, ya ba da ƙwayoyi, ba su yi komai ba. Maigida shi ma bai ƙara furta sunan ba, ba don rashin so ba, shi ma da tasa kunyar. Daga ƙarshe ya fara zancen a mai da ni gida in huta wajen iyaye. Na san alheri yake nufi. Amma abin da ya tokare mini ƙirji shi ne, in na tafi na bar yaron nan a ƙasa mai sanyi, a garin da ba wanda ya san ma yana da suna.

A wancan zamani muna da wata al'ada. In an gama jarrabawa, rana ta fara daɗewa ba ta faɗi ba, sai a ɗauki shatar babbar mota a tafi yini a bakin teku, Musulmi da Kirista, masu iyali da gwauraye. Shekarar nan aka zaɓi wani gari da ba shi da nisa da Manchester, wanda yawancinmu ba mu taɓa zuwa ba. Na ce wa maigida ya tafi shi kaɗai. Da safe sai ga muryar Mama tun daga matakala.

"Ina 'yata? Har yanzu ba ki shirya ba? Coach yana jira fa."

"Mama, ba na jin daɗi ne."

"Na sani. Ai shi ya sa na hawo da kaina. Tashi, my dear. Ranar da rana ta fito a ƙasar nan ba a barin mutum a ɗaki, wa ya san yaushe za ta sake fitowa?"

Ta buɗe akwatina ta zaɓo zane, ta tsaya a kaina har na ɗaura, sannan ta ɗora mini kwandon kwanuka a hannu. Haka na sauka na bi bayanta.

Motar nan kuwa kafin ta bar gari ta cika da ƙanshin dafa-duka da soyayyar kaza. Kowace mace ta tashi tun da jijjifi ta yi abin da ta iya da abin da ta samu: waina da aka toya a kaskon suyar ƙwai, dambun nama da wani ya daɗe yana ɓoyewa, cincin a gwangwanin madara, kunun gyaɗa a fulas. Matan coci suka tashi waƙa daga baya, samarin masallaci suna buga musu murfin kwano, direba Bature yana kaɗa kai bai san me ake cewa ba. Ana miƙo abu ta saman kujeru, ba ka san hannun wa ba ne, ka dai karɓa ka miƙa gaba. Ni ina jikin taga ina kallon korayen gonaki da tumaki masu ƙiba, duk abin da aka miƙo mini in riƙe a cinya.

Da muka isa, yara suka riga kowa sauka. Muka tsallaka titi, muka jeru a jikin wani dogon bango. Rairayi ne shimfiɗe iya ganin ido, jiƙaƙƙe, da 'yan kududdufai suna ƙyalli a cikinsa. Teku babu. Can ƙarshen duniya dai akwai wani siririn layi mai ruwan toka, ba ka ce ruwa ne ko gajimare ba. Shugaban tafiya ya juya hagu ya juya dama, ya je ya tambayi wani tsoho mai jan kare ko an sauke mu a inda ba nan ba ne. Tsohon ya ce nan ne, teku ya fita ne, sai yamma zai dawo. Mu 'yan tudu mun san kogi yana ƙafewa da rani ya dawo da damina. Ba wanda ya kawo a ransa cewa teku yana yin raninsa da daminarsa a yini guda, har sai an tambayi lokacinsa kafin a zo. Wani ya ce, "To fa, mun zo baƙunta maigida ba ya nan." Wani ya ce sai mu bar sallahu mu juya. Aka bushe da dariya. Mama ta ce, "Ku shimfiɗa tabarmi, ya same mu a nan."

Ban taɓa ganin yini mai natsuwa irin wannan ba, ko da yake a lokacin daga nesa nake kallonsa. Tun da ba teku, ba abin da ake sauri a kai. Aka shimfiɗa tabarmi da zannuwa, aka danne bakinsu da takalma saboda iska. Aka juye abinci a manyan tire, hannu yana bin hannu. Fararen tsuntsayen teku suna kewaya mu suna ihu, ɗaya ya kawo sura irin ta shirwa ya ɗauke cinyar kaza daga hannun shugaban tafiya, aka ce ai maigida ne ya aiko a karɓar masa rabonsa. Tsofaffin Turawa suna kwance a kujerun zane, sun naɗe ƙafar wando, fuska ta yi ja. Daga bayanmu kiɗan wurin lilon yara yana zuwa yana komawa yadda iska ta ga dama. Abin da ya fi ba mu mamaki jakuna ne. Jakuna masu ƙiba, an taje musu gashi, an rataya musu ƙararrawa, kowanne da sunansa rubuce a goshi, aikinsu kawai su ɗauki yaro su yi 'yan taku su dawo. Wani ɗan ƙauyenmu ya tsaya ya daɗe yana kallonsu, ya ce in jakin babansa ya ji labarin nan, da ƙafa zai taho. Maza suka buga ƙwallo ba takalmi. Da azahar ta yi aka yi alwala da ruwan fulas, aka ja sahu a kan rairayi, mazan coci suka zauna gadin kaya da yara har aka sallame. Ba wanda ya tsara hakan, kowa dai ya san wurinsa.

Bayan an idar, mutane suka kishingiɗa, wasu har da gyangyaɗi. Mama ta miƙe ta karkaɗe zanenta, ta ce da ni, "Zo ki raka ni in gaida maigidan nan, tun da shi ya ƙi zuwa." Muka tuɓe takalma muka nufi siririn layin nan. Rairayin yana da kaushi a tafin ƙafa, ruwan sanyi yana tsattsafowa tsakanin yatsu, sai ya tuna mini kogin garinmu da rani, inda muke tona rami mu jira ruwa ya taru. Muna tafiya surutu yana raguwa a bayanmu. Kiɗan lilo ya fara ɓacewa, sannan ƙararrawar jakuna, sannan ihun yara, har ya zama ba a jin komai sai iska. Da na waiga, mutanenmu sun zama ɗigo-ɗigo a gindin bango.

Mama ta tsaya tana haki. "Ba za mu kai ba," in ji ta, "kuma ba sai mun kai ba." Ta juyo ta dube ni sosai. "Tun safe ina kallonki. Ko loma ba ki kai baki ba."

Na sunkuyar da kai.

"Ni ma na binne ɗa," ta ce. "A gida, bayan coci, kafin in zo ƙasar nan." Sai ta faɗi sunansa, a sauƙaƙe, kamar tana kiransa ya zo ya ci abinci. "Kullum sai na kira shi. Shi ya sa kika ga na yi jiki. Naki fa? Babansa ya yi masa huɗuba?"

Na gyaɗa kai.

"To wa sunansa?"

"Mama, na fari ne."

"Na sani. Na zauna da ku, na san kunyarku, kuma ban raina ta ba. Amma kunya don idon mutane ake yin ta. Look around. Ina surukarki a nan? Ina dangin miji? Ko tekun ma ba ya nan. Ni kuwa yau gwaggonki ce. Gaya mini sunan jikana."

Bakina ya yi nauyi. Na motsa leɓe, murya ba ta fito ba. Ba ta matsa mini ba, ta tsaya kawai iska tana kaɗa ɗankwalinta. Da na sake gwadawa sai ya fito, a shaƙe, kamar ba muryata ba. Mama ta karɓe shi ta maimaita da ƙarfi, ta fuskanci filin nan ta sake kiransa, ta ce suna mai kyau. Sannan ta ɗora hannu a ka ta fashe da kuka. Ita ta fara, da murya, ba ɓoyo, daidai yadda gwaggo take yi a tsakar gida. Ina jin kukan nan na durƙusa a kan jiƙaƙƙen rairayi, duk abin da na haɗiye tun sanyi ya taho. Na kira ɗana, na sake kiransa, na gaya masa ban manta da shi ba. Ban san tsawon lokacin da muka yi ba. Na dai san zanena ya jiƙe har gwiwa, kuma Mama ba ta ce mini in yi haƙuri ba ko sau ɗaya.

Ita ce ta fara lura ruwa yana malalowa a cikin ƙananan kwaruruka a gefenmu. Ta share fuska da bakin zane ta ce, "Tashi, maigida yana hanya, kuma shi ba ya sallama." Muka komo a hankali. Da muka isa tabarmi idanuna sun kumbura, ta ce wa jama'a iska ce ta watsa mana rairayi, ba wanda ya ƙara tambaya. Ta buɗe tukunyarta ta zuba mini gwate, ya riga ya huce, na cinye tas na miƙa kwano ta ƙara. Wajen la'asar sakaliya, direba yana ta danna ƙaho, sai ga teku ya iso, ba hayaniya, yana shafe sawun ƙwallo da gurbin tabarminmu. Muka jeru a bango muka gan shi na ɗan lokaci, aka ce to mun dai gaisa. A mota maigidana ya zauna kusa da ni. Ya dubi fuskata, ya dubi zanen, ya tuɓe kwat ɗinsa ya rufa mini a gwiwa. Can ya ce a hankali, "Kin gaya mata?" Na ce e. Ya juya wajen taga, ya ce, "Alhamdu lillahi." Ba a ƙara tada zancen mai da ni gida ba.

Shekaru suka ja. Allah ya kawo Safiya, aiki ya mai da mu Birmingham, aka shiga kirana Maman Safiya. Tafiyar bakin teku ta mutu a hankali, yadda irin waɗannan abubuwa suke mutuwa: wasu suka koma gida, waɗanda suka rage kowa ya sayi motarsa. Ban taɓa gaya wa Safiya an yi wani kafin ita ba. Wata rana tana 'yar sakandare, na ƙwala mata kira daga ƙasan bene, ta leƙo ta ce, "Mummy, ba kin ce Hausa women ba sa kiran sunan first born ba? Ni ai all day kina shouting sunana." Na ce zaman Turai ne ya lalata ni, ta yi dariya ta wuce. Mama kuwa duk in ta buga waya, kafin gaisuwa sai ta ce, "Ke kaɗai ce?" In na ce da mutane, ta ce, "Maman Safiya, ina gajiya?" In na ce ni kaɗai ce, sai ta kira ni da sunan ɗayan. Maman wane. Bayan rasuwar maigida ya zama mu biyu ne kawai a duniya muka san shi. Da tsufa ya kama ta aka kai ta gidan kula da tsofaffi, Turancinta ya zube gaba ɗaya, ba ta gane 'ya'yan cikinta. Zuwana na ƙarshe ta daɗe tana kallona ba alamar sani. Sai ta waiga ta duba ƙofa, ta duba bayan kujera, ta ce, "Ke kaɗai ce?" Na ce ni kaɗai ce, Mama. Ta kira ni.

Ranar jana'izarta na zauna a kujerar baya ta cocin da mayafina, ana waƙoƙin da na taɓa ji a bayan mota. Na yi mata kukan da ta yi mini. Amma a hanyar dawowa wani tsoro ya shige ni wanda ban san shi ba tun ƙuruciya. Ni ma ƙafata ɗaya tana waje. In na tafi, yaron nan ya koma jariri namiji kawai, kamar yadda aka rubuta.

Da zafi ya shigo na ce wa Safiya ta kai ni garin nan na bakin teku. Ta yi mamaki, don ni ba mai son yawo ba ce, amma ta ɗebo yaranta muka kama hanya, wata murya a cikin mota tana gaya mata inda za ta juya. Muna kusa ta ce da murna, "Mummy, na duba tide a phone. Na yi timing ɗin sosai, muna isa teku ya cika." Na ce Allah ya yi miki albarka, ban gaya mata ni akasin haka na zo nema ba. Muka tarar da maigida a gida kuwa, ya cika har gindin bango yana dukansa. Ba rairayin shimfiɗa tabarma, ban ga jaki ko ɗaya ba. Jikoki suka sayo soyayyen dankali, kowa da takardarsa a hannu, suna Turancinsu na Birmingham da ni kaina sai na kasa kunne nake tsinta. Muka zauna a benci ni da Safiya, mutane suna kai da kawowa a gabanmu. Ba inda za a taka a yi nisa da idon jama'a, ko da akwai ma, gwiwata ba za ta kai ni ba.

Na ce, "Safiya, kin tuna kin taɓa tambayata me ya sa nake kiran sunanki?"

Ta ɗago daga wayarta. "Na tuna. Kin ce zaman Turai."

"Ba zaman Turai ba ne. Ba ke ce ta fari ba."

Na ba ta labarin tun daga akwatin gilashi har zuwa tambayar da Mama takan fara da ita a waya. Ba ta katse ni ba, abin da ba halinta ba. Da na kai ƙarshe hawaye yana bin fuskarta, ta ce, "All these years, Mummy? To wa sunansa?" Na duba hagu na duba dama, mutane ko'ina. Kunyar nan tana nan daram, tsufa bai rage mata komai ba, shi ya sa a takardar nan ma ban rubuta shi ba. Sai na jawo kanta, na ɗaga gefen ɗankwalinta, na sa bakina a kunnenta yadda babanta ya yi wa yayanta, na faɗa mata. Ta maimaita a hankali, harshenta na nan ƙasar ya ɗan karkata shi, na gyara mata har ya zauna daidai. Muka zauna hannunta cikin nawa har tekun ya fara ja da baya, wani siririn rairayi ya bayyana a gindin bango.

Washegari da hantsi ina bakin taga wayata ta yi ƙara. Safiya ce, daga wurin aiki. Ba ta gaishe ni ba. Na ji ta ja numfashi, sannan ta ce, "Mummy, ke kaɗai ce?"

Na dubi ɗakin, na ce ni kaɗai ce.

Ta kira ni, na amsa.